Gina tafkin kifi a Jos, daga haƙa rami zuwa ranar jan taru

Wata safiya cikin Disamba na tsaya a bakin tafkina, a wata fadama da ke bayan Bukuru, yatsuna sun ƙage don sanyi, na watsa abinci kamar yadda na saba. Ko kifi ɗaya bai taso ba. Abincin ya yi ta yawo a saman ruwa har iska ta tara shi a kusurwa, ya jiƙe, ya nutse. Tarwada dubu ɗaya ke cikin ruwan nan, waɗanda wata biyu da suka wuce in ka watsa musu abinci sai sun jiƙa maka wando. Wani dattijo mai noman kabeji a gefena ya leƙo ya ce, "Ɗana, kai ma da za a tashe ka da asuba cikin wannan sanyi a ce ga tuwo, za ka ci?" Na ce, "To Baba, ya zan yi?" Ya ce in dawo da azahar.

Kuskurena tun daga Satumba ya faro, ranar da na zuba kifi ina bin lissafin mutanen Ibadan da Legas, inda ruwa ba ya sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma cikin hunturu dare yakan yi sanyin da ake ganin tururi a baki. Tarwada kuwa ta fi girma in zafin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. Da ya sauka ƙasa da 20 sai cinta ya ragu, girma ya tsaya, kai kuma kana ta zuba kuɗi a ruwa. Karfasa ta fi ta rashin juriya, sanyi mai tsanani yana kashe ta ɗungurungum. Ba banza ba gonar kifi ta Panyam da ke ƙaramar hukumar Mangu, wadda aka kafa tun zamanin Turawa a shekarun 1950, ta yi suna da kifin kap, wanda ke jure sanyi. Don haka duk abin da zan faɗa a nan, daga zurfin rami har watan zuba kifi, da sanyin garin nan na auna shi.

Kafin diga ta taɓa ƙasa

Fara da ruwa, kuma ka je ka duba shi a watan Maris, ba a Agusta ba. A Agusta ko'ina fadama ce. Rafin da ke gudu a ƙarshen rani, ko idon ruwa, ko rijiyar burtsatse da ba ta ƙafewa, su ne abin dogaro. Tafki mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20 yana shan ruwa sama da lita 200,000, wato fiye da tanka 20 ta mai lita 10,000, kuma ba cika ɗaya za ka yi ba, za ka riƙa ragewa kana ƙarawa har ranar kamu. Wanda zai sayi ruwa a tanka ya haƙura da tafkin ƙasa.

Sai ka bi rafin da ƙafa zuwa sama, ka ga abin da ke shiga cikinsa. A nan ne manoman rani suke wanke injin feshi bayan sun fesa wa tumatir da kabeji magani? Akwai masu wankin kuza, ko masu wankin mota? Maganin ƙwari kaɗan ya isa ya tashi tafki guda cikin dare ɗaya. Tsofaffin kududdufan haƙar kuza da suka cika Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi suna da ruwa rani da damina, kuma ana iya jan ruwansu da inji a cika tafki, amma ban ba ka shawarar ka zuba kifinka kai tsaye a cikinsu ba. Zurfinsu ya wuce misali, ba ka iya zubar da ruwansu, ba ka iya jan taru, kuma sun ci rayuka da dama. Idan a cikinsu kake son kiwo, wannan aikin keji ne na raga mai yawo a saman ruwa, sana'a ce daban.

Bayan ruwa sai ƙasa. Ƙasar Jos tana da yaudara, taku goma kana kan yumɓu, taku goma kana kan marmara ko tsakuwa. Gwaji biyu nake yi, babu mai cin ko kwabo. Na farko, ka haƙa kamar kamu uku, ka ɗebo ƙasar ciki, ka jiƙa ta, ka dunƙula, ka jefa sama ka cafe. In ta tsaya a dunƙule, kuma in ka murza ta tsakanin tafukanka ta yi doguwa kamar igiya ba ta karye ba, akwai yumɓu. In ta wargaje, yashi ya yi yawa. Na biyu, ka haƙa rami iya ƙugu, ka cika shi da ruwa da safe, da yamma ka sake cika abin da ƙasa ta sha, ka rufe da ganye. Washegari in ka tarar da mafi yawan ruwan yana nan, wurin zai riƙe tafki. Yi wannan a wuri uku ko huɗu cikin filin, kada ka tsaya a ɗaya.

Wurin ya kasance mai ɗan gangare, yadda ruwa zai shigo ta sama ya fita ta ƙasa da kansa. Wannan shi ne abin da na fi nanata wa duk wanda ya tambaye ni: ka gina tafkin da za ka iya zubar da ruwansa ƙarƙaf ba tare da ka tada inji ba. Tafkin da aka haƙa a tsakiyar kwari, wanda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasansa, yana da daɗin cikawa, amma duk canjin ruwa sai fetur, kuma ba ya bushewa bayan kamu. Kada kuma ka tare hanyar ruwan sama. Ka duba inda ambaliya ta bar shara a jikin ciyayi bara, ka gina sama da nan.

Idan filin aro ne ko haya, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu, a faɗi shekaru. Rami ba kayan da za ka naɗe ka tafi da shi ba ne.

Haƙa da gina ganuwa

Mai farawa ya tsaya a mita 10 da 20. Gara ƙanana biyu da babba ɗaya, don za ka buƙaci inda za ka ware kifi. Siffar ta zama mai kusurwa huɗu doguwa, ita ce ke da sauƙin jan taru. Janairu zuwa Fabrairu ne lokacin aikin, ƙasa ta tsane kuma ana samun lebura.

Ka kafa turaku ka ja igiya sau biyu: ta waje ita ce iyakar ganuwa, ta ciki ita ce gindin tafki. Sannan a kankare ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, kamar kamu ɗaya, a tara ta gefe. Kada ko kwanon sarki ɗaya na wannan ƙasa ya shiga cikin ganuwa. Ni na bar wani kututture a cikin tawa don lebura sun ce tono shi wahala ne, shekara biyu bayan haka saiwar ta ruɓe ta bar hanya, na zo da safe cikin Agusta na tarar ruwa yana tsiyaya ta bayan ganuwa, siriri kamar na buta. Kafin la'asar ya zama kamar cinyar mutum. Buhunan ƙasa muka yi ta jibgawa cikin ruwan sama, kuma duk da haka kifin da ya bi rafi ba shi da iyaka.

A ƙarƙashin inda ganuwa za ta zauna, a haƙa siririn rami mai faɗin rabin mita, a zurfafa har a taɓa yumɓu, a cika shi da yumɓu mai kyau a daɓe. Shi ke hana ruwa sulalewa ta ƙasan ganuwa. Daga nan sai a fara haƙa ciki ana ɗora ƙasar a kan ganuwa, amma ba tuli ɗaya ba. A shimfiɗa kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe da madaɓi har ƙafa ta daina lumewa, sannan a ƙara wani shimfiɗi. Nan ne lebura ke ha'inci, domin daɓe ya fi haƙa gajiyarwa kuma ba a ganinsa. Ka tsaya a kansu, ko ka yi jinga da su a kan daɓen daban. Ko katafila ka ɗauko, ka sa direban ya riƙa bi ta kan kowane shimfiɗi, kada ya tara maka tudu ya tafi.

Saman ganuwa ya kai faɗin mita ɗaya da rabi, yadda baro zai wuce. Gefenta na ciki kada ya miƙe kamar bangon ɗaki, ya kwanta: duk tsayin mita ɗaya, a ba shi mita biyu na kwanciya. Tarwada tana tonon gefe, ganuwa mai tsaye ba ta shekara biyu sai ta fara zubewa.

Zurfin ruwa a garuruwa masu zafi mita ɗaya ya isa. A Jos ina son mita 1.2 a ɓangare marar zurfi, mita 1.6 a mai zurfi, saboda ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa da dare, kifi yana samun inda zai lafe. Wannan bambanci na santimita 40 a tsawon mita 20 shi ne gangaren da zai kai ruwa mafita. Tiyon ruwa na magina ya isa a auna shi. Sama da ruwan kuma a bar ganuwa ta ɗara da santimita 40 zuwa 50, don tarwada tana tafiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare in an yi ruwan sama, kamar maciji.

Bututu uku ne. Na shiga yana ɓangare marar zurfi, a ɗaga shi sama da fuskar ruwa don ruwan ya faɗo yana fantsama, a ɗaure masa raga mai ƙananan ido saboda kifin rafi da ƙwan kwaɗi. Na fita, mai inci 4, a binne shi a mafi zurfin wuri tun kafin a ɗaga ganuwa, a sa masa gwiwa da wani bututun a tsaye ta waje. In ka kwantar da na tsayen ruwa ya fita, in ka miƙar da shi ya tsaya, kuma ruwan ƙasa mai datti ne ke fara fita. A lulluɓe bututun da yumɓu sosai inda ya ratsa ganuwa, in da hali a yi masa zoben siminti a tsakiya, don ruwa yana son bin jikin bututu. Na uku na ambaliya ne, a daidai iyakar da kake son ruwa ya tsaya, shi ma da raga. Sai kwalbati ta bayan tafki ta ɓangaren tudu, wadda za ta karkatar da ruwan sama. Jos tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, ya fi sauka a Yuli da Agusta, kuma in ya sauko daga kan duwatsu ba ya sallama.

Ƙasar saman nan da aka tara gefe, yanzu a mayar da ita kan ganuwa a dasa kiri-kiri. Bishiya kuwa a nesanta ta. Ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, a kafa zana ko shingen kara, yana rage hucewar ruwa fiye da yadda mutum zai zata. A kewaye tafkin gaba ɗaya da waya ko raga, a binne gindinta, saboda guza da kwaɗi da macizai, amma kafin su duka saboda yaran unguwa.

Shirya ruwa

A barbaɗa farar ƙasa a gindin tafki da gefensa yana da ɗan danshi, kilo 20 zuwa 40 ga tafki mai wannan girma. Tana rage tsamin ƙasa, tana kashe ƙwayoyin cuta da matsattsaku. Rufe hanci da ido, tana ƙuna. Sai a zuba ruwa iya gwiwa a bar shi kwana biyu a ga ko akwai yoyo, sannan a cika a hankali. Sabon tafki yana shan ruwa a makonnin farko, wannan ba abin tsoro ba ne, yakan toshe kansa. Kada kifi ya shiga sai bayan mako biyu da zuba farar ƙasa. Akwai 'yar takardar gwajin tsamin ruwa a shagunan kayan kiwo, in ta nuna tsakanin 6.5 da 8.5 lafiya lau.

Idan karfasa za ka kiwata, ruwan sai ya yi kore, domin koren nan abincinta ne. A ɗaure busasshen kashin kaji kamar kilo 10 a buhu, a jefa a kusurwa, a riƙa girgiza shi. Ma'auninsa hannunka ne: ka zura shi har gwiwar hannu, in da ƙyar kake hango tafinka, daidai ne. In ya ɓace tun a wuyan hannu, kore ya yi yawa, cire buhun ka ƙara ruwa. Ga tarwada mai cin abincin buhu, taki sau ɗaya a farko ya wadatar, kashinta kaɗai zai riƙe koren.

Iri da lokacin zubawa

Maris da Afrilu su ne watannin zafi a Jos. Ka zuba kifi daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, ka kama tsakanin Satumba da Nuwamba, kafin sanyi ya kankama. Tarwadar da ake cewa tana kai kilo ɗaya a wata biyar ko shida, a nan ka ƙara mata wata ɗaya ko biyu a lissafinka, don ko damina ruwanmu ba ya ɗumi sosai in hadari ya kwana uku bai buɗe ba.

Masu ƙyanƙyasa suna sayar da kifi mataki-mataki: fingalin mai tsawon ɗan yatsa, sai jubenayil da ya ɗara shi, sai jambo. Mai farawa ya sayi jubenayil. Ya fi tsada, amma ya wuce lokacin da ake yawan mutuwa, kuma kwaɗo ba ya haɗiye shi. Ka je wurin da kanka, ka sa a watsa musu abinci a gabanka. Masu lafiya suna rububi, kansu ɗaya, gashin bakinsu a miƙe, babu masu rataye a saman ruwa kai sama jela ƙasa. Ka tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su. Wani ya taɓa sayar mini da ragowar da aka tsince manyan cikinsu, kifi ɗan wata uku da jikin ɗan wata ɗaya, da rangwamen da ya sa na yi ta murna a hanya. Wata shida suna ci ba su wuce tafin hannu ba. Araha ba ta ado. Alamarsu babban kai da siririn jiki.

Akwai kuma irin da ake samu daga barbarar tarwada da ramboshi, yana girma ya fi tarwada zalla in za ka riƙe shi tsawon lokaci, amma cin ɗan'uwansa ya fi tsanani. Karfasa kuwa in ba maza zalla ka samu ba, cikin 'yan watanni za ta cika maka tafki da 'ya'ya, kowa ya tsumbure. Masu haɗa karfasa da tarwada a tafki ɗaya sukan sa tarwada kaɗan ta riƙa cinye 'ya'yan.

Yawa: tarwada 5 a kowace murabba'in mita, wato 1,000 a tafkinmu. Masu ruwa mai gudu suna kai 10, amma wannan sai hannu ya faɗa. Karfasa 2 zuwa 3.

A ɗauko su da sassafe ko da yamma, a jarkar da aka yanke samanta, ba a ba su abinci ba tun jiya. Da isowa kada a juye. A sa jarkar cikin tafki minti 15 zuwa 20, a riƙa ɗiban ruwan tafki ana ƙarawa ciki kaɗan-kaɗan, sannan a karkata ta su fita da kansu. Kifin da aka ɗauko daga Abuja ko Lafiya ya fito daga ruwa mai ɗumi, shi ya fi buƙatar wannan haƙuri. Ranar ba abinci, sai washegari.

Na fi son su yi makonni uku ko huɗu na farko a cikin ragar da aka kafa kamar gidan sauro a kife cikin tafkin. A nan kana ganinsu, kana ƙirga matattu, kuma kana iya tace su. Cikin kowace zuba akwai 'yan kaɗan da ke tsere wa sa'o'insu a girma, masu sana'a suna ce musu shuta. Ɗaya daga cikinsu yana iya cin ƙannensa kullum ba ka sani ba, sai ranar kamu ka ga dubunka ta koma 600 da wasu ƙatti biyar. Duk mako biyu a tace, a ware manya daban, har su kai wata biyu.

Ciyarwa

Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon gaba ɗaya, don haka a nan ake riba, a nan ake karyewa. Yi lissafin tun kafin ka sayi kifi. In 900 suka rayu cikin 1,000, kowanne ya kai kilo ɗaya, kuma kowane kilo na kifi ya ci kilo 1.2 na abinci, kana buƙatar kilo 1,080, wato buhu 72 na mai kilo 15. Je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu yau, ka ninka. In kuɗinka na buhu 35 ne, zuba kifi 500. Mafi yawan tafkunan da na ga an yi watsi da su, a wata na huɗu kuɗin abinci ya ƙare, daidai lokacin da kifi ya buɗe ciki.

Ƙwayar abinci tana tafiya da bakin kifi: milimita 2 ga jubenayil, sai 3, sai 4, sai 6, manya 9. Na ƙanana yana da sinadarin gina jiki kashi 42 zuwa 45, kuma a nan ba a tsumulmula, domin kifin da ya tsumbure a watan farko ba ya ramawa. Akwai Coppens da Skretting da Aller Aqua da Blue Crown, ga kuma Vital da kamfanin Grand Cereals ke yi a nan Bukuru. Kowanne ka saya, duba ranar da aka yi shi, ka shinshina, ka ajiye a kan katako nesa da danshi. Mai yawo a saman ruwa ya fi wa mai koyo, don yana ganin abin da aka ci. Haɗin gida na waken soya da garin kifi da masara yana rage kuɗi in kifi ya wuce giram 300, amma yana nutsewa, kuma in haɗin bai daidaita ba sai ka ɓata ruwa ka ɓata lokaci.

Ƙanana suna cin kamar kashi 4 zuwa 5 na nauyinsu a rana, manya kashi 2 ko ƙasa. Misali kifi 1,000 masu giram 50 sun zama kilo 50, abincinsu kilo 2 ne a rana, a raba uku. In sun kai giram 500, su 900, kilo 9 ne a rana, a raba biyu. Duk mako biyu ka kama guda 20 ka auna don ka gyara lissafi. Amma ido ya fi takarda: ka watsa kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, lokaci ɗaya kullum, da ka ga rububin ya lafa ka tsaya. Minti 10 zuwa 15 sun isa.

Ranar sanyi ko ranar da hadari ya rufe gari, shawarar dattijon nan ita ce magani. Jira rana ta ɗaga, daga sha ɗaya zuwa la'asar, ka gwada da hannu ɗaya. In ba su taso ba, mayar da buhunka. Tarwada ba ta mutuwa don yunwar kwana biyu, ruɓaɓɓen abinci a gindin tafki shi ke kashe ta. Sayi ma'aunin zafi ka rataye cikin ruwa, kuɗinsa bai kai na rabin buhu ba. Mataccen kaza da hanjin mahauta ɗanye, waɗanda wasu ke jefawa, ni ban yarda da su ba.

Ruwa ba ya tsami banza

Zagaya tafkinka da asuba, lokacin ne iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci. Karfasa in ta matsu za ka gan ta a sama tana haki. Tarwada tana shaƙar iskar waje, shi ya sa take ruɗin mutane, ruwa ya lalace tana nan da rai, sai dai ta daina ci. Wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kumfar da ba ta fashewa, ruwa ya koma baƙi-baƙi, duk kira ne. Dakatar da abinci, zubar da kashi ɗaya cikin uku ta bututun ƙasa, ka ƙara sabo. A watannin ƙarshe kana iya yin haka duk mako. Lokacin sanyi a yi canjin da rana, kuma ruwan burtsatse ya fi na rafi ɗumi da safe. Ruwan da ka zubar taki ne, maƙwabcinka mai kabeji da karas zai yi maka godiya, in ma ba ka shuka naka a ƙasan tafkin ba.

Ciwon da aka fi gani: gashin baki ya yi fari ya guntule, gyambo a jiki, kumburin ciki, da tsagewar ƙoƙon kai, wadda ake dangantawa da ƙarancin bitamin C a abinci. Kusan kullum lalacewar ruwa ce ke buɗe musu ƙofa. Tsame matattu nan take ka binne, canja ruwa, rage abinci. Kada ka bi masu juye maganin kaji a tafki ba awo, mutane ne za su ci kifin. In mutuwa ta wuce ɗaya-biyu a rana, ɗauki mai rai da ke jin jiki da kwalbar ruwan tafkin ka kai wa likitan dabbobi. Mu da ke da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom, ba mu da uzurin yin canki-canka.

Zalɓe da shirwa, a ja igiyoyi ko raga a saman tafki. Ɓarawo mai ƙafa biyu kuwa yakan bari sai kifi ya girma. Ɗakin mai gadi, kare, fitila mai sola, da turaku masu ƙaya da aka kafa cikin ruwa don su kama birgi, a cire su ranar kamu. Riƙe littafi: ranar zubawa, buhun da aka buɗe, matattu, nauyi. Shi ke tona asirin yaron da ke sayar da abinci ta bayan fage.

Kamu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda kafin kamu ka san mai saye. Masu farfesu da gidajen abinci inda ake nuna kifi a yanka suna son mai kilo ɗaya zuwa sama, masu banda suna son giram 300 zuwa 500, kuma wannan yana isa tun wata uku ko huɗu, abin da ke ba mai ƙaramin jari damar juya kuɗinsa da wuri. Dillalai masu kaiwa kasuwar kifi ta Kado a Abuja suna kwasa da yawa, amma su ke yanka farashi in sun ga ka riga ka zubar da ruwa. A gama ciniki, a amince da farashin kowane girma, sannan a taɓa bututu. Sikeli kuma naka, ka gwada shi da abin da ka san nauyinsa.

A hana kifi abinci kwana ɗaya. Da asuba a rage ruwa zuwa gwiwa, mutum biyu ko huɗu su ja taru daga ɓangare mai zurfi zuwa marar zurfi, gindin tarun yana shafar laka. Sau biyu ko uku, sannan a zubar da sauran ruwan a tsince na cikin taɓo da hannu. A kula da ƙayar da ke gefen kan tarwada, sukarta tana da zafi. Na cefanen gida ko na baƙo ba ya buƙatar wannan hidima, fatsa da tana ko koma ta isa, kuma in tafkin karfasa ne yawan ɗiban nan ma yana rage cunkoso.

Bayan kamu a bar tafki ya bushe har ƙasa ta tsattsage. A kwashe baƙar lakar gindi a kai gona, a duba ramukan ƙaguwa da ɓera a jikin ganuwa a toshe da yumɓu, a sake farar ƙasa. Ka bi lakar da sanda sosai, domin tarwada tana binne kanta ta yi kwanaki, kuma guda ɗaya da ta tsira za ta cinye sabbin da za ka zuba. Wanda ya kama a Nuwamba yana da Disamba da Janairu na wannan gyara, sai ya cika ruwa a tsakiyar Fabrairu.